ZAƁEN ƘARAMAR TARAKTA DON AIKIN GIDA DA LAMBU

A da, in an ce tarakta, ko tantan kamar yadda waɗansu ke kiranta, sai hankalin mutum ya tafi ga ƙatuwar motar nan ta Gwamnati wadda a ke bin layi kafin ta zo gonar mutum. Yanzu kuwa al'amari ya sake. Ƙananan taraktoci sun shigo ƙasar nan daga Indiya da Sin da Japan, har mutum ɗaya ya kan yi tunanin ya mallaki tasa. Ga ɗan kasuwa mai gida a bayan gari da lambu da garke, ga akawun da ya ajiye aiki ya karɓi garatutinsa, ga manomi mai 'yar gona kusa da gida. Duk tambayarsu ɗaya ce, wace iri za mu saya?

To, jama'a, wannan tambaya ta yi gaggawa. Ba tarakta a ke fara zaɓa ba. Aiki a ke fara ƙidayawa, sa'an nan a dubi kayan da za su yi aikin, sa'an nan a nemi taraktar da za ta iya jan kayan, sa'an nan a tambaya wa zai gyara ta ranar da ta tsaya. Wanda ya bi ta wannan hanya da wuya ya yi da na sani. Wanda ya fara da kyaun fenti kuwa, ya kan wayi gari kuɗin da ya tara shekara talatin sun zama wurin kwanan kaji a gindin mangwaro.

FARA DA TAKARDA DA ALƘALAMI

Ka zauna ka rubuta dukan aikin da ka ke so ta yi maka a shekara: kaftu, huɗa, kai taki gona, kwaso amfani, ɗebo ruwa, juya injin sussuka, yanke ciyawa, gyaran hanyar gida bayan damina. Gaban ko wane aiki ka rubuta awa nawa zai ci.

Ga yadda a ke lissafin aikin gona. Ka auna faɗin garmar da mita, ka ninka shi da gudun taraktar, watau kilomita nawa ta ke yi a awa, ka raba abin da ya fito da 10. Abin da ka samu shi ne hektar da za ta yi a awa ɗaya. Misali, garma mai juyi mai faɗin mita 1.2, tana tafiyar kilomita 3 a awa. In ka ninka ka sami 3.6, in ka raba da 10 ka sami 0.36. Amma fa akwai juyawa a bakin gona da tsayawa a cire ciyawar da ta naɗe, saboda haka sai ka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu, saura 0.27. Ke nan hekta ɗaya, watau wajen eka biyu da rabi, za ta ci kusan awa 4.

Mai hekta 3 ke nan awa 12 ta gama masa kaftu. Ko sau biyu ya bi gonar, awa 24 ne. In ya haɗa da jigilar taki da ta amfani, da ƙyar ya kai awa 100 a shekara.

Me ya sa mu ke wannan ƙididdiga? Domin tarakta tana cin kuɗi ko tana aiki ko tana zaune. A ce ka saye ta Naira miliyan 10, wannan misali ne kawai don sauƙin lissafi, a ce kuma za ta yi maka shekara 10. Ko wace shekara miliyan ɗaya ta tafi ke nan. In awa 100 ta yi, ko wace awa ta tsaya maka Naira 10,000, tun ba a sa gas da baƙin mai da ladan direba da gyara ba. In kuwa ta yi awa 500, awar ta koma Naira 2,000. Sai ka sa kuɗin gaskiya da dillali ya faɗa maka a wurin wannan misali, ka gwada da abin da masu haya ke karɓa a garinku.

In lissafi ya nuna aikinka bai kai ba, ba abin kunya ba ne. Akwai haya. Akwai haɗa kai da maƙwabta ku uku ko huɗu, muddin an rubuta wa zai fara da wa zai biya gyara tun kafin ruwa ya sauka. Akwai ka saya da niyyar yi wa mutane aiki su biya ka, in ka tabbata akwai masu so. Har wa yau akwai shanun huɗa da amalanke, waɗanda a ke aiki da su a Arewa tun shekarun 1920, ba su shan gas, suna ba da taki, in sun tsufa kuma a kiwata su a sayar da riba.

DARASIN MOKWA

Akwai wani abu kuma da ya kamata a tuna. A 1949 aka buɗe wani babban shirin noma da taraktoci a Mokwa, aka zaunar da manoma, injuna suka yi musu kaftu mai yawa. Amma noman firi da maimai da girbi duk da hannu a ke yi, filin kuwa ya fi ƙarfin hannun magidanci da iyalinsa. Ciyawa ta rinjayi shuka, kututture da saiwoyi suka yi ta karya garemani. A 1954 kamfanin da ya zuba kuɗi ya janye.

Abin da ya faru ga manya yana iya faruwa ga ƙarami. Kada ka kafta abin da ba za ka iya nomewa ba. Kada kuma ka sa garmar tarakta a gonar da ba a tone kututturenta ba.

IRI UKU NE

1. Mai taya biyu. Ita ce wadda mutum ke riƙe da hannuwanta yana binta a ƙasa. Ƙarfinta ya kan kama daga doki 8 zuwa 15. Tana kafta wajen eka biyu a yini, tana jan 'yar tirela, ana kuma iya sa mata bel ta juya injin ban ruwa ko na sussuka. Injinta silinda ɗaya ne, irin wanda masu niƙa suka saba da shi, don haka gyaransa ba ya wuya. Ita ce ta dace da lambu, da fadamar shinkafa mai ƙananan fangali, da gidan da ƙofarsa ba ta da faɗi. Aibinta shi ne tana gajiyar da mai binta, kuma ba ta iya busasshiyar ƙasa mai tauri.

2. Ƙarama mai taya huɗu. Ƙarfinta daga doki 18 zuwa 35, nauyinta daga wajen kilo 700 zuwa tan ɗaya da 'yan kai. A kanta a ke zama. Tana jan garma mai juyi da ƙaramin haro da tirela, waɗansu kuma ana sa musu cebur a gaba don kwasar taki da ƙasa. Ta dace da mai gonar itatuwa, da mai gidan kaji ko garke, da mai hekta kaɗan a jigawa.

3. Matsakaiciya. Daga doki 45 zuwa 75, irin su Massey Ferguson 375 da kowa ya sani. Ita ke jan garma mai faifai uku da babban haro da rija. Wannan ta wuce aikin gida, ta mai babbar gona ce ko mai sana'ar haya.

Akwai kuma wata 'yar mota da a ke kawowa daga Turai da Amurka mai kama da tarakta, da wuƙa a ƙarƙashinta. Wannan ta aske ciyawar filin gida ce kawai. Ba ta noma, ba ta da wurin ɗaura garma. Kada araharta ta ruɗe ka, araha ba ta ado.

MAGANAR ƘARFIN DOKI

Dillali zai ce maka, "Alhaji, wannan doki 25 ce." Sai ka tambaye shi, a ina aka auna? Domin wuri uku a ke auna ƙarfin tarakta. Akwai ƙarfin injin shi kansa, shi ne mafi yawa, shi a ke rubutawa a jikinta. Akwai ƙarfin da ke isa ga sanda mai juyawa ta baya, wadda takardun kamfani ke rubutawa PTO. Taraktar da injinta ke da doki 25 ta kan ba da wajen 20 a nan. Sa'an nan akwai ƙarfin ja, watau abin da ya rage bayan giya ta ci nata, taya kuma ta yi santsi a ƙasa. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne kuwa ke jan garma.

Wannan rikici ba yau ya fara ba. A jihar Nebraska ta Amurka an cuci manoma da taraktocin da ba su kai abin da aka faɗa ba, har a 1919 majalisarsu ta yi doka cewa ba za a sayar da wata irin tarakta a jihar ba sai jami'arsu ta gwada ta. An fara gwajin a 1920, har yanzu kuwa ana yi. Mu ma a nan Nijeriya muna da cibiyar injunan noma ta ƙasa kusa da Ilori, wadda gwada taraktoci yana cikin aikinta. Ba laifi ka nemi dillali ya nuna maka takardar gwaji.

Ka lura kuma, nauyi abokin ƙarfi ne. Tarakta mai ƙarfin inji amma ba nauyi, in garma ta kama ƙasa sai tayoyinta su yi ta juyawa wuri ɗaya suna tona rami. Saboda haka in ƙarama za ka saya, mai ja da tayoyi huɗu duka ta fi, balle a laka ko rairayi. Garma mai juyi mai faɗin mita 1.2 tana son doki 20 ko fiye a sandar baya. Garma mai faifai biyu kuwa tana son wajen doki 35 zuwa 45. Gas ɗin da mai doki 25 ke sha a aiki ya kan kama daga lita 3 zuwa 5 a awa.

KA ZAGA TA BAYA

Mai sayen doki haƙora ya ke dubawa. Mai sayen tarakta bayanta ya kamata ya duba, gama tarakta ita kaɗai ba ta noma, abin da aka ɗaura mata ne ke yi.

Za ka ga hannuwa uku na ƙarfe, biyu a ƙasa ɗaya a sama, waɗanda ke ɗaga garma su sauke ta da ƙarfin mai. Wannan dabarar wani mutumin Ailan ta Arewa ce, Harry Ferguson. Ta bazu a duniya da taraktar Ford ta 1939, da kuma 'yar tokar nan TE20 da aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, fiye da rabin miliyan. Hikimar ita ce, sa'ad da garma ke ja, nauyinta yana komawa kan tayoyin baya, sai ƙaramar tarakta ta yi aikin da a da sai ƙatuwa.

Hannuwan nan aji-aji ne. Aji na 1, na ƙananan taraktoci, kaurin ƙusarsa ta ƙasa milimita 22 ne, ta sama 19. Aji na 2, na manya, 28 da 25. Haro da rija na manyan taraktoci, waɗanda suka fi yawa a kasuwanninmu, ba su shiga ƙarama, ko maƙeri ya yi dabara sun shiga ba za ta iya ɗaga su ba. Don haka kada ka biya kuɗin tarakta sai ka ga kayan aikinta da idonka, ka kuma sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko.

Sandar baya kuma ka tabbata tana juyi 540 a minti, domin shi ne ma'aunin da a ke ƙera yawancin kayan aiki a kansa.

TAYA DA KUNYA

Ga wani abu da ƙasarmu ta bambanta da ƙasashen da a ke ƙera injunan nan. Mu a kan kunya mu ke shuka. Malaman bincike na Samaru sun ba da shawarar a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya ga masara da dawa da gyaɗa. Tarakta za ta ratsa gona ba ɓarna in tayoyinta suna tafiya cikin kwari, kunya biyu na tsakaninsu, watau santimita 150 daga tsakiyar taya zuwa tsakiyar taya. Ƙananan taraktoci da yawa tsakanin tayoyinsu bai wuce santimita 100 zuwa 120 ba, waɗansu kuma ba a iya buɗa su. Cikinsu ma kusa ya ke da ƙasa, wajen santimita 30. Irin wannan in ta shiga gonar da aka shuka, taya za ta hau kunya, ciki kuma ya kwantar da shuka.

Saboda haka ka tafi da tef wurin dillali. Ka auna tsakanin tayoyi, ka tambaya ko ana iya juya su a ƙara faɗi. Ka auna ƙofar gidanka da tsakanin itatuwan lambunka kafin ka fita. Taya kuma ka zaɓi mai manyan haƙora ta gona. Mai laushin nan ta filin ciyawa ba ta kama ƙasa.

WA ZAI GYARA TA?

Wannan ita ce tambayar da ta fi sunan kamfani muhimmanci. Kubota da Yanmar na Japan, Mahindra da Sonalika na Indiya, John Deere da Massey Ferguson, duk sun san aikinsu. Amma taraktar da ta fi kyau a gare ka ita ce wadda bakaniken garinku ya san cikinta, wadda kuma za ka sami kayanta a yini ɗaya. Lokacin shuka 'yan makonni ne. Injin da ya tsaya a farkon damina yana jiran wani ƙaramin ƙarfe daga ƙetare, ya kashe maka shekara.

Kafin ka saya, ka je wurin masu sayar da kayan gyara, ba wurin dillalin ba, ka nemi abu biyar na irin taraktar: matacin mai, matacin iska, bel na fanka, faifan kuloci, da taya. In ka same su nan take, to. In an ce sai an aika, ka sake tunani.

Ana kawo tsofaffin ƙananan taraktocin Japan masu kyaun gani da sauƙin kuɗi. An yi su ne don gonakin shinkafar can, littafinsu da harshen can ya ke, kuma waɗansu ba a taɓa sayar da irinsu a waje ba, balle a ajiye kayansu. Haka kuma sababbin da a ke yi don Turai da Amurka, da yawa kwamfuta ke sarrafa injinsu, suna son gas mai tsabta ƙwarai, in sun tsaya kuma sai da na'urar kamfani a ke gane ciwonsu. Ga wanda ke nesa da birni, inji mai sauƙi da giyar hannu ya fi kwanciyar rai. Ka kuma duba tana da babban matacin iska saboda ƙurar hunturu, da kofin da ke raba ruwa da gas.

IN TA HANNU ZA KA SAYA

Ka tafi da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ku je da sassafe.

1. Ka taɓa injin ka ji yana da sanyi kafin a tayar. Mai ciwo da sanyi ya ke tona kansa.

2. Ka dubi hayaƙi bayan ya ɗumama. Shuɗi, yana ƙona baƙin mai. Fari wanda ba ya ɗaukewa, ko ruwa na shiga ko gas ba ya ƙonewa sosai. Baƙi, ko matacin iska ya toshe ko nozul sun gaji.

3. Ka zaro sandar awon baƙin mai. In ya yi kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Ka duba lagireto ko akwai mai a saman ruwan.

4. A ɗaura garma mai nauyi a ɗaga ta, a kashe injin. In ta sauko nan da nan, akwai gyara a gaba.

5. Agogon awa ana iya taɓa shi. Ka gwada abin da ya nuna da yadda matakin kuloci da na birki suka cinye.

6. A kai ta gona ta yi aiki ko na rabin awa. Gani ya kori ji.

7. Lambar inji ta dace da ta rasit da takardun kwastan.

RAI YA FI DUKIYA

Ƙanƙantar tarakta ba ta hana ta kisa. Babban hatsarinta kifewa ne, a bakin rami ko gangare, ko kuwa ta miƙe ta faɗo ta baya in an ɗaura igiyar ja a sama da gatarin tayoyin baya. Wannan ba ya kai daƙiƙa biyu, ba wanda ke iya tsalle ya tsira. Ko da yaushe a ƙarfen ja na ƙasa a ke ɗaura abin da za a ja. Ka zaɓi mai ƙarfen kariya a bayan kujera da ɗamarar zama. Ƙasar Suwidin ta wajabta wannan kariya ga sababbin taraktoci tun 1959, mutuwar direbobi ta hanyar kifewa kuwa ta ragu ƙwarai.

Sandar baya tana juyi 9 a daƙiƙa ɗaya. In ta kama bakin riga ko jelar rawani, ba ta saki. Kada a kusance ta da babbar riga, kada a cire murfinta, kada a taɓa garma sai an kashe inji. Kujera ɗaya ce, mutum ɗaya ke hawa. Tun da ya ke a gida za ta kwana inda yara ke wasa, sai a sauke garma ƙasa a zare makulli duk sa'ad da aka tsaya. In za a hau titi kuma a haɗe birkin hagu da na dama.

A TAƘAICE

Ka ƙidaya awoyin aikinka. In ba su kai ba, ka yi haya ko ka riƙe shanunka. In lambu ne ko fadama, mai taya biyu ta isa. In jigila da kaftun hekta kaɗan ne, ƙarama mai ja da taya huɗu, wadda ka ga kayan aikinta, ka auna tayoyinta, ka kuma san mai gyaranta. Kuɗin da ke hannunka kada ka zuba su duka a tarakta, ka bar na garma da tirela da gas ɗin damina ɗaya da na gyaran farko. Daidai ruwa daidai ƙurji.

Wanda ke da shakka ya nemi malamin gona na yankinsu su yi lissafin tare tun da rani, kada a bari sai hadari ya haɗu. A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi bayani a kan kiwon tarakta, watau sauya mai da wanke mataci da ajiye ta bayan kaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Daga Malamin Gona